BABI NA HUƊU: NAZARIN TURKEN KIƊAN "HEBRIDES" NA FELIX MENDELSSOHN

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo tarihin Felix Mendelssohn (1809–1847) da irin horon kiɗa da ya samu a birnin Balin a hannun malaminsa Carl Friedrich Zelter. A wannan babi kuwa za a ɗauki kiɗa guda ɗaya daga cikin ayyukansa a feɗe shi, wato wanda aka sani da suna Hebrides, wasu kuma suke kiran sa Kogon Fingal. Kiɗa ne wanda ba a ɗora masa waƙa ba. Ƙungiyar makaɗa ce take yin sa, kuma tsawonsa bai wuce minti goma zuwa sha ɗaya ba.

Hanyar da za a bi ita ce wadda Gusau (1993) ya shimfiɗa domin nazarin waƙar baka, musamman abin da ya shafi salsala da turke da zubi da tsari. To amma tun daga farko akwai matsala. Manazarcin waƙar baka yana gano turke ne daga kalmomin makaɗi. Ko kiɗan da ba a rera komai a kansa ba, irin taken kalangu ko na algaita, Bahaushe yakan ji magana a ƙarƙashinsa, domin abin kiɗan yana bin hawa da saukar muryar harshe ne. A kiɗan Mendelssohn babu wannan. Kalmar da take tare da shi ita ce sunansa kaɗai, kuma Hausawa sun ce suna linzami ne. Saboda haka tambayar da wannan babi zai amsa ita ce: shin kogon dutsen da aka laƙaba wa kiɗan shi ne turkensa, ko kuwa sunan ne ya ja kunnen masu sauraro zuwa inda kiɗan bai nufa ba?

4.1 Salsalar Kiɗan

A watan Afrilu na 1829 Mendelssohn ya isa Landan yana ɗan shekara 20. Bayan an kammala lokacin wasannin kiɗa na wannan shekara, sai ya kama hanyar arewa zuwa ƙasar Sikotilan tare da abokinsa Karl Klingemann, wani Bajamushe ma'aikacin ofishin jakadanci a Landan. Sun sauka Edinbara a ƙarshen watan Yuli. Daga cikin abubuwan da suka fara yi akwai hawan dutsen Arthur's Seat da ke tsaye a kan birnin. Tsayinsa mita 251 ne, kuma ragowar wani dutse ne mai aman wuta wanda ya mutu tun shekaru miliyan ɗari uku da wani abu da suka wuce. Ranar 30 ga Yuli suka ziyarci kangon majami'ar fadar Holyrood, inda ya rubuta mafarin wani kiɗan daban wanda bai kammala ba sai 1842.

Daga Edinbara suka nausa cikin tsaunuka, suka bi ta Dunkeld da Blair Atholl har Fort William, sannan suka gangara Oban a bakin teku. Wani wuri a ƙafa suka bi shi, wani a keken doki, wani kuma a jirgin ruwa, ga ruwan sama kusan kullum. Mendelssohn yana riƙe da littafin zane, yana zana itatuwa da magangarar ruwa da tsaunuka da fensir, Klingemann kuma yana rubuta labarin tafiyar. Ya kamata a lura da irin ƙasar da suka ratsa. Dutsen Ben Nevis da ke bayan Fort William, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, shi ma ragowar dutse mai aman wuta ne da ya rufta cikin kansa. Tsibirin Mull da suka nufa daga Oban kuwa mafi yawansa narkakken dutse ne wanda ya kwarara shimfiɗa a kan shimfiɗa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, shi ya sa gefen tsaunukansa yake hawa-hawa kamar matakala. Wanda ya san baƙaƙen duwatsun tudun Biu da tafkin Tila da ke cikin bakin tsohon dutse zai iya kwatanta asalin wannan ƙasa, sai dai ya ƙara mata hazo da sanyi da teku.

Ranar 7 ga Agusta, 1829, a Oban, Mendelssohn ya zana hoton gaɓar teku yana fuskantar tsibiran. A wannan rana suka shiga jirgi zuwa Tobermory, babban garin tsibirin Mull. Da dare ya rubuta wa iyalinsa da ke Balin gajeriyar wasiƙa, ya bayyana cewa tsibiran sun taɓa shi ta wata hanya ta daban, kuma domin su fahimci haka ga abin da ya faɗo masa a rai. Sai ya bi bayan wannan da rubutun kiɗa na ƙafa 21. Abin da ake nufi da ƙafa a nan shi ne ɗan yankin da marubuta kiɗan Turai suke raba bugu da shi, kwatankwacin ƙafa a ma'aunin rubutacciyar waƙa. Waɗannan ƙafafu 21 su ne mabuɗin kiɗan kusan yadda ake jin sa a yau, har da alamun kayan kiɗan da za su ɗauki kowane sashe da inda za a sassauta da inda za a ƙarfafa.

Sai washegari, 8 ga Agusta, jirgi mai tururi ya kai su tsibirin Staffa inda kogon yake. Wato ke nan an haifi gindin kiɗan kwana ɗaya kafin makaɗin ya sa ido a kan kogon. Manazarta irin su R. Larry Todd (1993) sun ja hankali a kan wannan tsari na kwanaki, kuma a kansa ne hujjar wannan babi ta fi dogara.

Kogon kansa abin kallo ne. Lokacin da narkakken dutse mai kauri ya huce a hankali, sai ya takure ya tsattsage, kamar yadda laka take tsagewa a gindin tafki da rani, tsagar kuma ta bi ta sauka har ƙasa. Abin da ya fito shi ne ginshiƙai a tsaye, yawancinsu masu kusurwa shida, a jere kamar magini ne ya dasa su. Teku ya ci gindinsu har ya buɗe rami mai tsayin kusan mita 20 da zurfin da ya haura mita 60. Mutanen yankin suna kiran sa da harshensu na Gelik da sunan da ke nufin kogo mai daɗin amo, saboda yadda igiyar ruwa take amsawa a cikinsa. Joseph Banks ne ya yayata shi ga duniya bayan ziyararsa ta 1772, sunan Fingal kuma na wani gwarzo ne na waƙoƙin da James Macpherson ya buga a shekarun 1760 yana danganta su ga wani tsohon mawaƙi Ossian. Amma abin mamaki shi ne Mendelssohn bai bar wani bayani nasa na kirki game da kogon ba. Klingemann ne ya siffanta shi, shi ne kuma ya ba da labarin cewa abokinsa bai sha da daɗi ba a hannun teku a wannan rana. Jiri da amai ne suka kwantar da shi. Da ya sake rubuta wasiƙa daga Glasgow bayan 'yan kwanaki, ciwon tekun ne ya fi tsaya masa a rai.

4.2 Sunayen Kiɗan

Kiɗan ya daɗe a hannun mai shi, kuma sunansa ya yi ta sauyawa. An kammala zubin farko a birnin Rum a watan Disamba na 1830, kuma a wani kwafi na wannan zubi sunan da aka rubuta yana nufin "tsibirin kaɗaici". A watan Janairu na 1832, yana Faris, ya rubuta wa 'yar'uwarsa Fanny yana kukan cewa tsakiyar kiɗan ba ta yi masa ba, domin warin dabarun saƙa muryoyi na makaranta ya fi yawa a cikinta a kan warin man kifi da tsuntsayen teku da kifi mai gishiri. Ya gyara, aka fara yin sa a bainar jama'a a Landan ranar 14 ga Mayu, 1832, da sunan tsibiran Fingal. Da kamfanin Breitkopf da Härtel na Leipzig ya buga shi, takardun da makaɗa ke karantawa sun fito a 1834 da sunan Hebrides, cikakken littafin kuma ya fito a 1835 da sunan Kogon Fingal.

Idan aka jera waɗannan sunaye za a ga wani abu. Na farko yana magana ne a kan halin zuciya, na ƙarshe kuma a kan wurin da masu yawon buɗe ido suke biyan kuɗin jirgi su gani. Babu shakka na ƙarshen ya fi saurin shiga kasuwa.

4.3 Zubi da Tsari

Kayan kiɗan da aka yi amfani da su ba su da yawa idan aka gwada da abin da makaɗan ƙarshen ƙarnin suka riƙa tarawa. Akwai sarewa biyu, da obo biyu (wani abin busa ne ɗan'uwan algaita), da kilarinet biyu, da basun biyu masu kaurin murya, da ƙaho biyu, da kakaki biyu, da tambura, sai kuma dangin goge tun daga ƙaramin biyolin da biyola har babban celo da wanda ya fi shi girma. An gina kiɗan a kan mazaunin sauti na B mai duhu. A kiɗan Turai kowane mazauni yana da fuska biyu, mai duhu wadda kunnensu ya saba dangantawa da alhini, da mai haske wadda suke dangantawa da sakin rai.

Gindin kiɗan ɗan gajere ne ƙwarai, sauti shida kacal a cikin ƙafa ɗaya. Biyola da celo da basun ne suke ɗaukar sa a ƙasa-ƙasa. Yana farowa daga sama ya gangaro, ya ɗan juya a tsakiya kamar mai waiwaye, sannan ya sauka. A samansa ƙananan gogen suna riƙe da sauti ɗaya doguwar riƙewa ba motsi. Ana yin gindin sau biyu a mazaunin farko, sai a ɗaga shi gaba ɗaya zuwa mazaunin D mai haske a yi sau biyu, sai a ƙara ɗaga shi hawa na uku inda ya koma duhu a yi sau biyu. Wannan hawa uku bai bi hanyar da aka koyar da Mendelssohn ta sada mazauni da mazauni ba. Babu gada a tsakani. Ɗaukar abin ake yi ɗungurungum a ajiye a sama, kamar yadda mai hawan tudu yake ganin fili ɗaya yana ƙara buɗewa duk lokacin da ya tsaya ya juya. A nan ne ƙwarewar kiɗan ta fi bayyana, domin a cikin ƙafa shida an riga an kafa abubuwa biyu: wani abu mai motsi a ƙasa, da wani abu mai faɗi wanda ba ya motsi a sama.

Daga nan gindin ba ya ɓacewa. Yana komawa hannun ƙananan goge, sauran kuma su shiga kai da komo da sauri-sauri a ƙarƙashinsa, sauti ya kumbura ya sace, ya sake kumbura ya sace, tambura suna gurnani a ƙarƙashin kowace kumbura. Wannan shi ne wurin da kusan kowane mai sauraro yake cewa ya ji igiyar ruwa, kuma ba za a musa masa ba. Ta fuskar aiki kuwa, gindin yana yin abin da amshi yake yi a waƙar baka: shi ne wurin komawa, shi ne kuma ma'aunin da ake gane nisan da aka yi da shi. Bambancin shi ne 'yan amshi suna maimaita nasu yadda yake, shi kuwa wannan kullum da sabuwar riga yake dawowa.

A ƙafa ta 47 ne karin murya na biyu yake shigowa, a bakin celo da basun, a mazauni mai haske. Ya saɓa wa na farko ta kowace fuska. Na farko gajere ne mai gangarowa, wannan dogo ne mai hawa, yana da numfashi irin na ɗan'adam, har mutum zai iya rera shi da bakinsa. Idan na farko wuri ne, to na biyu mutumin da ke tsaye a wurin ne. Ba a daɗe ana jin daɗinsa ba sai duk ƙungiyar ta taso da ƙarfi, kakaki da ƙaho suka shiga, aka rufe kashin farko da hayaniya.

Kashi na tsakiya shi ne wanda mai kiɗan ya yi ta gyara. A cikinsa ana jin gajerun kira na kayan busa, wannan ya yi daga nan, wancan ya amsa daga can, da ƙarfi sannan a hankali, kamar amsa-kuwwa. Gindin kuma yana yawo daga mazauni zuwa mazauni, wani lokaci a daddatse kamar takun sojoji. Masu son ganin yaƙin Fingal a cikin kiɗan a nan suke kafa hujja. Duk da gyaran da aka yi, a ra'ayin wannan nazari nan ne kiɗan ya fi rauni. Wurin da aka daddatse gindin yana da ƙamshin aikin hannu, ana jin makaɗi yana juya abu domin ƙa'idar zubin ta ce a juya shi. Ba laifi ne babba ba, kuma bai daɗe ba, amma kunne yana gane bambancinsa da mabuɗin da ya zo a dare ɗaya.

A kashi na uku gindin ya dawo gida a taƙaice. Sannan sai abin da ya fi komai tsayawa a rai ya zo. Karin murya na biyu, wanda manyan goge suka yi a baya, yanzu kilarinet guda ɗaya ce ta ɗauke shi, a hankali, sauran kayan kiɗa sun yi tsit suna riƙe da sauti a ƙasa, daga baya ta biyu ta zo ta raka ta. Lokaci kamar ya tsaya. Bayan wannan sai guguwar ƙarshe ta taso da gudu. Mai sauraro zai zaci da tsawa za a rufe, amma a tsakanin bugu na ƙarshe sai kilarinet ta sake gangaro da gindin a hankali, sarewa ta haura da ɗan guntun kari na biyu, aka tsinki igiyoyin goge da yatsa sau uku, shi ke nan.

4.4 Turke

Idan aka haɗa salsala da abin da kunne ya ji, za a iya cewa turken wannan kiɗa shi ne kaɗaicin matafiyi a gaban ƙasa mai faɗi wadda ba ta san da zamansa ba. Teku da iska da amsa-kuwwa tubalan gini ne. Kogon kuwa, in ma yana ciki, tubali ne ɗaya daga cikin tubala.

Hujja ta farko ita ce ta kwanaki, wadda aka riga aka kawo. Mutum ba ya siffanta abin da bai gani ba tukuna. Abin da Mendelssohn ya gani kafin daren 7 ga Agusta shi ne mako guda na tsaunuka da kwazazzabai da ruwan sama, sannan a ranar ƙarshe ƙasa ta ƙare, teku ya buɗe, tsibirai suka bayyana can nesa. Hawa ukun da ke mabuɗin kiɗan ya fi kama da wannan buɗewa a kan shiga rami. Wanda ya shiga kogo duniya ƙuntata take yi masa, a mabuɗin kuwa faɗaɗa take yi.

Hujja ta biyu daga zubin take. Da dutse ne turke, da abin da ya fi nauyi shi zai yi nasara a ƙarshe. Amma wurin da aka fi ba fili shi ne na kilarinet guda ɗaya, kuma da raɗa aka rufe. Sunan farko da mai kiɗan ya sa da hannunsa ma kaɗaici ya ambata.

Akwai masu ganin akasin haka, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa maimaita ɗan gajeren gindi ɗaya a jere a jere ya yi daidai da ginshiƙan Staffa, waɗanda siffa ɗaya ce aka maimaita sau dubbai. Suna kuma cewa ƙafa 21 ne kawai aka rubuta kafin ganin kogon, sauran fiye da ɗari biyu bayansa aka yi su, kuma amsa-kuwwar da ke tsakiya daga kogon ta fito. Maganar amsa-kuwwa abar karɓa ce. Mutum ko yana fama da jiri kunnensa yana ji, kuma ba a ce ziyarar ba ta bar komai ba. Maganar ginshiƙai ce ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin maimaicin yana nan cikakke a takardar Tobermory. Wanda ya ji ginshiƙai a cikinsa sunan da ke bangon littafi ne ya nuna masa su. Kukan da Mendelssohn ya yi a 1832 ma ƙarin haske ne: abin da ya ce ya rasa a kiɗan wari ne na kifi da tsuntsaye, wato abin da hanci da fatar matafiyi suka ɗauka. Bai ambaci dutse ba.

Za a ƙara fahimtar wannan idan aka dubi wani kiɗa wanda dutse mai aman wuta ne turkensa da gaske. Jón Leifs (1899–1968), mutumin ƙasar Aisilan, ya ga fashewar dutsen Hekla wadda ta fara a 1947, ya kuma rubuta kiɗa da sunan dutsen a 1961. Domin ya kawo abin da ya gani sai da ya nemi masu bugu goma sha tara, da maƙera, da duwatsu, da sarƙoƙin ƙarfe, da jiniya, da harbin bindiga. Kiɗan yana farawa a hankali ya yi ta taruwa har ya zama ƙara wadda kunne ba ya iya rarrabewa. A wurin Leifs dutsen ne mai magana, mutum kuma ba shi da wurin tsayawa. A wurin Mendelssohn wutar ta mutu tun shekaru miliyan 60, abin da ta bari shi ne siffar ƙasa da rashin mutane, kuma ta wannan hanya ce kawai ta shiga kiɗan. Wato dutsen ya yi aiki a kan matafiyi, matafiyin ne kuma aka kaɗa.

Richard Wagner, wanda ba masoyin Mendelssohn ba ne, har ya ci mutuncinsa a rubuce a 1850, ya yaba wa wannan kiɗa ta hanyar kwatanta mai shi da gwanin zana shimfiɗar ƙasa. An daɗe ana maimaita wannan a matsayin yabo, amma yabo ne mai ƙaya, domin yana nufin gwanin waje ne ba na ciki ba. Shi kuwa Mendelssohn, a wata wasiƙa ta 1842, ya nuna cewa abin da kiɗa yake faɗa ba wai ya yi duhu ba ne har kalma ta kasa kama shi, a'a, ya fi kalma fayyacewa ne. Mai irin wannan ra'ayi da wuya ya ɗauki aikinsa a matsayin hoton wani rami da za a iya auna tsayinsa da mita.

4.5 Abin da Kiɗan Bai Faɗa ba

Makaɗin Hausa idan ya dawo daga tafiya, kamar yadda aka sani a waƙoƙin Mamman Shata, yakan jero garuruwan da ya bi da mutanen da suka sauke shi da abin da suka ba shi. Ƙasa a wurinsa mutane ce. Idan aka zo wa kiɗan Hebrides da wannan kunne, abin da za a fara lura da shi shi ne babu kowa a ciki sai mai kallo.

Ba don babu mutane a hanyar ba ne. Wasiƙun da matafiyan biyu suka aika gida sun yi maganar talaucin da suka gani a tsaunuka, da bukkoki waɗanda ƙofa ɗaya ce mutum da dabba da hayaƙi suke bi. Shekarun nan kuma su ne na korar ƙananan manoman tsaunukan Sikotilan daga filayensu domin masu ƙasa su zuba tumaki, abin da ya tura dubban masu jin Gelik zuwa gaɓar teku da birane da Kanada. Saboda haka wani ɓangare na shirun da ya burge matafiyin ba aikin dutse ba ne, aikin mutane ne. Kiɗan ya karɓi shirun a matsayin halitta, bai tambayi dalilinsa ba.

Haka kuma babu karin waƙar mutanen wurin a ciki. Mendelssohn ya halarci gasar masu busa algaitar salka ta Sikotilan a Edinbara, amma bai aro komai daga gare su a nan ba. Hasali ma, da ya isa Llangollen a ƙasar Wales a ƙarshen watan Agustan, ya rubuta wasiƙa yana tsinuwa ga kiɗan gargajiya da ake yi a masaukinsa, har ya ce ya sa masa ciwon haƙori. Ana iya kare shi da cewa wannan ƙyama ce ta hana kiɗan zama tarkacen tsaraba irin wadda baƙi suke saye a tasha, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma farashin shi ne mutanen da suka raɗa wa kogon suna saboda amonsa ba a ji amonsu ba.

Ko jirgin da ya ɗauke shi ma an share shi. A shekarar 1832 ɗin da aka fara yin kiɗan a Landan, mai zane J. M. W. Turner ya baje hotonsa na Staffa a birnin. A hoton Turner dutsen yana gefe cikin hazo, rana tana faɗuwa, a tsakiyar teku kuma ga ɗan jirgi mai tururi yana jan baƙin hayaƙi a bayansa. Irin wannan jirgi ne Mendelssohn ya kwanta a cikinsa ranar 8 ga Agusta, tare da sauran fasinjoji da ƙarar inji da warin girkin da Klingemann ya ba da labari. A cikin ƙafafun kiɗan duka babu inda aka ji bugun injin.